HANNUN MALAM SAI-GOBE

Shafi na 19

Da sunan Allah nake farawa. Masu turo min saƙo tun da sassafe kuna cewa "Anti, ina na yau?", ku yi min afuwa. Kwana biyu ba mu ga wuta ba, wayar ma a shagon caji ta yini. Wadda ta ce na cika ja wa mutane rai, na ji, kuma ban musa ba. Shafin yau na masu kaka da rai ne. In kun gama karantawa ku je ku gaishe su.

*

Tun daga tashar 'Yankaba har Gezawa ban ce wa kowa uffan ba. An cusa mu a mota, ana ta faɗa da direba kan tsadar mai, ni kuwa wayata na damƙe a cikin hijabi.

Ni Safara'u, gaskiyar magana, ba don son ilimi na ɗauki kwas ɗin nazarin fim ba. Ce min aka yi kallo ake yi a aji, na ce ga banza ta faɗi. Ashe Dakta Uwaisu ba ya wasa. Ya ɗauko mana tarihin fim tun daga lokacin da ba ya magana, ya bi da mu ƙasa-ƙasa, har ya gangaro kan majigi, motar nan da a da take yawo ƙauyuka da farin ƙyalle tana koya wa manoma zuba takin zamani.

Makon jiya ya shigo aji bakinsa har kunne. Ya samo wani tsohon fim ɗin majigi da aka ɗauka a shekarar babban fari, tun ba a haifi babana ba, kuma a ƙauyenmu aka ɗauke shi, Kwarin Marke. Sautin ya lalace, hoton kaɗai ya rage. Manoma biyu ne a ciki, an rubuta sunayensu a farko. Malam Sammako mai gona kore shar, da Malam Sai-Gobe mai barci a gindin bishiya, gonarsa duk ƙuduji ya cinye.

Aji ya yi ta dariya har da masu dukan benci. Ni ban yi ba. Sai-Gobe kakana ne, Malam Khalilu. Sammako kuma yayansa ne, Baba Tasi'u, wanda yau shi ne Sarkin Noman garinmu.

Da Dakta ya ji ni 'yar garin ce, sai ya ce ranar Asabar ajinmu zai mayar wa mutanen Kwarin Marke fim ɗinsu. A da, in ji shi, mutum ne yake tsayawa gefen ƙyallen da lasifika yana faɗa wa jama'a abin da suke gani.

"Ke za ki riƙe lasifikar," ya ce. "Ki je ki kalle shi sin bayan sin, wato fitowa bayan fitowa. Ki riƙa tsayar da hoto. Fuska a hoto ɗaya, hannu a hoto na gaba, wa ya ce muku na mutum ɗaya ne? Idonku ne yake ɗinke su."

Ban gaya masa kakana ne ba. Na dai je na yi abin da ya ce, na tsayar da hoto. Abin da na gani shi ya sa na baro makaranta ranar Alhamis ba tare da na jira ajin ba.

Na samu Inna Kaltume, kakata, a tsakar gida da faifai a cinya tana tsince tsakuwa daga afafata, ɓarzajjiyar shinkafar nan da a da kaji da kifi ake zuba wa.

"Ke kuma lafiya, tsakiyar mako? Korar ki aka yi?"

"Lafiya lau, Inna. Ina Kaka?"

"Ina kika san yana zuwa? Yana gona. Zauna ki taya ni, idona ya daina bambance tsakuwa da shinkafa."

Na zauna. Ban taya ta ba, wayar na ɗora a kan faifan na kunna.

"Ɗauke min wannan abar, ba na son raye-rayenku."

"Ki dai duba."

Ta duba a yatsine. Can sai na ga hannunta ya tsaya. Ta goge shi a zani, ta ɗauki wayar da hannu biyu ta kai dab da fuskarta.

Ta ƙura wa mai barcin ido.

"Wannan rigar ni na wanke ta," ta ce a hankali. "Ina amarya. Ko lallen ƙafata bai gama fita ba."

"Kin gane shi?"

"Dubi wuya. Yarinya, da mutumin nan yana da wuya. Dubi gashi a kansa. Yanzu in kika gan shi sai ki rantse haka aka haife shi da sanƙo."

Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da share ido da bakin mayafi.

"Ranar da aka kawo majigin nan garin, Safara'u, ko amaryar da ke cikin lalle sai da ta fito. Muka zauna a baya, mu mata, da 'yan tabarminmu. Masu ƙosai, masu dakuwa, ga ƙwari suna ta shawagi a cikin hasken. Yunwa ake yi a shekarar, amma ranar an manta. Ban taɓa ganin mutum yana motsi a jikin zane ba, har ɓuya na yi a bayan Barira, ƙanwar babata. Ni ma dariya nake yi. Sai da mai lasifikar ya ce ga Malam Sai-Gobe, na ga mijina ne."

"Daga ranar sunan ya bi shi?"

"Daga ranar. Aka zagaya da fim ɗin kasuwa-kasuwa. In ya shiga Gezawa cin kasuwa, yara su biyo shi suna tafi."

Na karɓi wayar na matsa gaba, na kai inda Malam Sammako yake murmushi cikin farar riga. Hoto na gaba an ɗauko hannu kusa-kusa, yana auna taki da murfin kwalba yana zubawa a gindin dawa. A nan na tsayar.

"Inna, hannun wa ne wannan?"

Hannun hagu ne. Ƙaramin yatsan rabi ne, guntule. Duk gidanmu mun san yatsan nan, lauje ne ya cire shi tun Kaka yana yaro. Da shi yake tsokanar mu muna ƙanana, ya ce kura ce ta ciza. Baba Tasi'u kuwa yatsunsa goma cif.

Inna ta ajiye faifan a ƙasa.

"Ashe ana gani."

"In an tsayar ana gani. Gonar fa? Mai kyan?"

"Ke da kike karatun kallo ba ki ga ɗorawar da tsawa ta tsaga ba? Garin ɗorawa nawa kika sha daga jikinta?"

Na gani. Tun a hostel na gani, so nake wani ya faɗa da bakinsa. Gonar da aka ce ta Sammako ce, gonar Kaka ce. Matacciyar da aka kwantar da Kaka a cikinta, ta Baba Tasi'u ce.

Na tuna firamare, duk ranar da na makara sai malami ya ce, "Ku ba ta hanya, jikar Sai-Gobe ta iso." Na tuna yadda nake jin haushin Kaka a raina, ina cewa me ya sa bai zama kamar yayansa ba. Ga shi duk tsawon rayuwata ban taɓa tashi na same shi a gida da safe ba, amma sunan ya fi ƙarfin abin da idona yake gani.

"Jibi ni zan riƙe lasifika, Inna. A filin firamare. Duk gari za su zo."

Ta kama hannuna ta matse.

"To ki faɗa."

Daidai nan muka ji ƙarar keke a zaure. Kaka ya shigo da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa buɗu-buɗu.

"A'a, amaryata ta boko ce a gidan? Me kika kawo wa mijinki? In biredi ne miƙo, kar tsohuwar nan ta gani."

Na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya dubi wayar. Murmushin ya ragu.

"Me aka yi?"

"Majigin ne, Malam," in ji Inna. "Ya biyo ka har gida."

Na ɗauka zai yi faɗa, domin a gidanmu ba a ambaton majigi. Sai ya jingine fartanyar, ya zauna a kan turmi ya miƙo hannu.

"Mu gani. Ni ban taɓa kallon abin nan ba."

"Ba ka taɓa ba, Kaka?"

"Ranar da aka nuna ina gona ina gadin gyaɗa. Shekarar ko ganye aka bari ba gadi, sai a wayi gari babu."

Na kunna masa daga farko. Ya riƙa gyaɗa kai yana kiran sunayen mutane. Ga Ja'afaru maƙeri. Ga jakin mai gari, mai cizo. Ga rijiyar da ta rufta. Da aka zo inda yake kwance a gindin bishiya baki buɗe, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Wallahi barcin nan na gaske ne. Cewa suka yi in kwanta in yi kamar ina barci. Ina sa haƙarƙarina a ƙasa na tafi. Sai tashi na aka yi."

"Saboda gona biyu kake nomewa," in ji Inna. "Faɗa mata."

"Kaltume."

"Ta riga ta ga hannun."

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya dubi hannunsa na yanzu, ya juya shi gaba da baya.

"Wannan karatun naku bai da kunya," ya ce.

"Kaka, me ya sa?"

Ya yi ajiyar zuciya. Ya sa hannu ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Da bazarar shekarar sanƙarau ya shigo garin nan. Ya ɗauke matar Yaya da ɗansu na fari, a mako guda. Yaya ya zauna a zaure. Ba ya magana, ba ya wanka, in an kai abinci sai an ba shi a baki. Ruwa ya sauka, ɗan abin da ya sauka, bai fita ba. Na yi ta ƙoƙarin haɗa tawa da tasa, ƙuduji ya fi ƙarfina."

"Sai masu majigi suka zo."

"Suka ce gona biyu suke so, mai rai da matacciya. Mai gari ya nuna tawa, ya nuna ta Yaya. Suka ce to kowa ya tsaya a tasa."

Ya murza bakin hular.

"Na dubi Yaya. Na ce mutumin da bai gama share hawaye ba za a kwantar a cikin ciyawa, a zagaya da shi duniya ana dariya? Na ce musu mu yi musanya. Su ba ruwansu, gona biyu suke nema da mutum biyu. Na yi masa wanka, na sa masa farar rigar angoncina, na kai shi gonata na tsayar."

"Hannun fa?"

"Nasa rawa yake yi. Ya kasa riƙe murfin, takin sai zubewa yake. Mai kyamarar ya ce in sa rigar in miƙo hannu, fuskata ba za ta fito ba."

"Amma ai mutanen gari sun san gonar taka ce."

"Sun sani. Wasa ne a lokacin, kowa ya san wasa ne."

"Waɗanda suka sani suna maƙabarta," in ji Inna. "Wasan ya mutu, sunan ya rage. Da aka kafa ƙungiyar manoma wa aka tsallake? Da babanta ya je neman aure, me dangin uwarta suka fara cewa? Bana da aka kawo ɗan takin tallafi, yaron da yake rabo bai kai jikanka ba, ya ce Malam Sai-Gobe ya dawo gobe. Aka yi dariya. Kai ma ka yi."

"To kuka zan yi?"

"Ni na yi maka."

Kaka ya juyo gare ni. Muryarsa ta sauka.

"Ki saurara, Safara'u. Bayan an nuna majigin, duk inda Yaya ya gifta sai a ce Sammako, Sammako. Mutanen wasu garuruwa suka riƙa zuwa tambayarsa yadda ake zuba taki. Kunya ta fitar da shi daga zaure. Da damina ta zagayo, kafin in kai gona na tarar ya nome kunya uku. Daga nan bai sake zama ba. Sarautar noman nan da guminsa ya same ta, kar wani ya gaya miki majigi ne ya ba shi. Ni suna aka ɓata min, shi rai aka dawo masa da shi. Ki auna."

"Shi bai taɓa cewa komai ba?"

"Bai taɓa ba."

"Ko sau ɗaya? Ko godiya?"

"Ban ma san ko yana tuna ranar ba. Ba ya cikin hayyacinsa a lokacin. Wataƙila a ransa gonar tasa ce. Ban tambaye shi ba, kuma ba zan tambaya ba. Yanzu ga shi ido ya tafi, ƙafa ta tafi, abin da ya rage masa sunan nan ne. Shi za ki tsaya gaban gari ki cire masa?"

"Kai fa, Kaka? Naka sunan fa?"

"Na saba da shi. Ya zama kamar tsohon takalmi."

"Ni ban saba ba."

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji ta. Hawaye ya zubo min, na bar shi. Ina son tsohon nan, kuma ranar haushinsa nake ji kamar in yi ihu.

Ya mayar da hularsa.

"Jibi ki faɗi abin da ƙyallen ya nuna, ki yi gaba."

"Ƙyallen ya nuna hannunka."

"Gilmawa zai yi, ba wanda zai lura. Shekara hamsin ba a lura ba. In kika buɗe baki a kan maganar nan, Safara'u, ban yafe ba."

Bai taɓa gaya min irin wannan kalmar ba. Ya ɗauki buta ya nufi bayan gida. Inna ta jawo faifanta ta ci gaba da tsince tsakuwa, ba ta dube ni ba.

"Ni ba zan ce miki ban yafe ba," ta ce. "So nake dai kafin a kai ni, in ji yaran garin nan sun kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa."

*

Ranar Asabar motar makaranta ta iso da la'asar. 'Yan ajinmu suka yi ta ɗaukar hoton rumbuna da jakuna kamar ba su taɓa gani ba. Aka ɗaure farin ƙyalle a jikin turakun ƙwallo na filin firamare, aka kafa manyan sifiku biyu masu fitar da murya, aka ajiye janareta can nesa.

Ana idar da magariba gari ya fito. Ban taɓa ganin Kwarin Marke ta cika wuri ɗaya haka ba. Tsofaffin mata da tabarmi a hammata, waɗanda rabon su da fita tun bikin wani jika. Babu masu ƙosai irin na labarin Inna, mai gyaɗa ɗaya ce, ita ma ba a saya. Amma fuskokin mutane a sake suke.

Aka kawo Baba Tasi'u a kan babur, aka zaunar da shi a kujerar gaba, dab da inda nake tsaye. Ya sha rawani. Idanunsa sun yi fari fat da yanar ido. Kaka ya shimfiɗa buzu a gefen ƙafarsa ya zauna, kamar yadda yake yi a kowane taro.

"Wace ce mai lasifikar?" Baba Tasi'u ya tambaya.

"Ni ce, Baba. Safara'u."

"Madalla. Yau ke ce idona. Kar ki rage min komai."

Na dubi Kaka. Bai dube ni ba.

Haske ya faɗa kan ƙyallen. Ƙwari suka taso suna shawagi a cikinsa, kamar dai yadda Inna ta faɗa.

"Jama'a," na ce, muryata ta fita har bakin masallaci, "wannan garinku ne, kafin a haifi yawancinmu."

Ba sai na yi dogon bayani ba. Su suka karɓe.

"Ga tsohuwar kasuwa."

"Ga kukar da aka sare."

Aka nuno mata a bakin rijiya, wata ta juyo ta kalli kyamara ta rufe baki da mayafi. Sai na ji kuka daga baya. Wata tsohuwa ce take cewa, "Innata ce, wallahi innata ce." Dakta ya mayar mata da wurin har sau biyu. Ni kaina na ji kewar garin da ban taɓa zama a cikinsa ba, mai bishiyoyi da yawa da mutane sirara masu dariya.

Aka zo kan Kaka yana barci.

Filin ya ɗauka. Samari suna fito, yara suna tsalle, ana kiran "Sai-Gobe, Sai-Gobe". Kaka ya ɗaga hannun dama yana amsawa yana dariya. Na nemi Inna a cikin mata, na gan ta zaune ƙiƙam, ita kaɗai ba ta motsa ba.

"Me aka nuno?" in ji Baba Tasi'u.

"Manomi ne yana hutawa, Baba."

Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Sai ga farar riga a cikin dawa kore. Aka yi tafi, wani ya yi kirarin Sarkin Noma. Na ce, "Ga Malam Sammako a gona." Ban ce gonarsa ba, ban ce ba tasa ba. Na ƙudurta a raina hannun zai gilma, in yi shiru, a wuce. Na zaɓi Kaka. Zan nemi gafarar Inna daga baya.

Hannun ya fito.

Bai gilma ba. Ya tsaya cak.

Na juya. Dakta Uwaisu ne ya tsayar da hoton, yana murmushinsa na aji, bai san komai ba.

"Safara'u," ya ɗaga murya, "yi wa jama'a bayanin ɗaukar kusa. Ki gaya musu abin da ya sa mai kyamara yake matsowa haka."

A waya hannun bai fi ɗan yatsa ba. A jikin ƙyallen ya kai ƙofar zaure. Ga murfin kwalbar, ga jijiyoyi, ga guntun yatsa, ba abin da ya ɓuya.

Tafin ya fara mutuwa daga gaba, ya bi layi-layi har baya. Na ji wata mata tana ƙirga yatsu a hankali. Wani dattijo ya leƙo yana kallon hannun Baba Tasi'u da ke kan sanda. Kaka ya zura hannun hagunsa cikin aljihun riga.



"An yi shiru," in ji Baba Tasi'u. "Jikata, me aka nuno?"

"Hannu ne, Baba."

"Yana zuba taki?"

"E."

"Da murfin kwalba?"



"E, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na hagu ne," ya ce. Ba tambaya ba ce.

Yana tunawa. Duk shekarun nan yana tunawa.

Ya saki sandar ta faɗi, ya miƙo hannu yana laluben inda nake.

"Miƙo min abin maganar nan."

"Baba..."

"Miƙo, na ce."

Na sunkuya na kai lasifikar saitin bakinsa. Kafin ya kama, Kaka ya yunƙura daga kan buzu ya riƙe masa wuyan hannu. Ya matso da fuskarsa dab da ta yayansa, ya yi ƙasa da murya yadda yake ganin su biyu kaɗai za su ji.

"Yaya, don girman Allah ka bari. Ni na ba ka gonar da rigar, ban ce ka dawo min da su ba. Ka bar ni da sunana."

Abin da Kaka bai sani ba, lasifikar a kunne take.

Maganarsa ta fita ta manyan sifikun nan biyu, ta ratsa filin har bakin masallaci.

Duk Kwarin Marke ta juyo tana kallon sa.